Funfuna a Banɗakin Mai Jego

Da sunan Allah wanda ya saukar da cuta, ya saukar da maganinta. Wannan labarin jinyar 'yata ce ta fari. Na rubuta shi saboda matanmu na Arewa da zama ya kawo ƙasar ruwa, Fatakwal da Anaca da Inugu, musamman wadda 'yarta za ta zo gida haihuwa. Wadda ta karanta ta gaya wa wadda ba ta karanta ba.

Sana'ata barkono ce da busasshiyar kuɓewa da kuka. Ina sarowa daga Arewa, jirgin ƙasa ya kawo, in sayar buhu-buhu a kasuwar Mayil Wan ta Fatakwal. Da yaƙin basasa ya ƙare na dawo Fatakwal ba miji, don ya rasu muna can gida, na soma da rabin buhu a kan tabarma. Sai kuɗin man fetur ya buɗe. Masu dafa wa ma'aikatan kamfani abinci suka riƙa ɗibar kaya ko tayawa ba sa yi. Kafin a jima na sayi ɗan gida a unguwar Borokiri kusa da bakin ruwa, na ƙara ɗaki a baya, na yi masa banɗaki a ciki irin na zamani: siminti ƙasa da bango, rufin kwano da silin, famfo, da 'yar taga ɗaya can sama. Na yi shi don baƙi, kuma don a zo a gani a ce Hajiya ta yi gini. Ni kaina ban daina shiga tsohon makewayin tsakar gida ba, marar rufi, don shi na saba.

'Yar tawa ba a hannuna ta tashi ba. Tun da aka yaye ta yayata Delu ta ɗauke ta zuwa Ɗambatta, kamar yadda aka yi wa kowace 'yar fari a danginmu. Delu take kira Inna, ni kuwa Hajiya. Ni ban taɓa kama sunanta ba. In ta kama dole sai in ce "ke", in kuma ba ta wurin in ce "yarinyar nan". Ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba, ban taɓa kallon idonta da gangan ba. Haka uwata ta yi wa Delu, haka na tarar.

Yarinyar ta auri Alhassan, mai sayar da wake a kasuwar Atisan ta Inugu. Da ciki ya tsufa ya kamata ta tafi Ɗambatta goyon ciki, amma tafiyar ta yi nisa ga mai nauyi, sai aka ce ta zo Borokiri, Delu ta biyo ta. Delu ta sauko daga jirgi da tsakiyar damina, da ƙullin busasshen ganyen darbejiya da kanwa ungurnu da ludayinta. Ta ɗaga kai ta dubi sama ta ce, "Wannan gari naku, rana ma gudun hijira ta yi ne?"

Na kai ta ɗakin baya. Ta leƙa banɗakin, ta riƙe haɓa. "To, an yi kuɗi, an shigo da masai ɗaka kamar Nasara. Allah ya kyauta." Sannan ta juyo ta ce, "Ke dai kama kasuwarki. Lami 'yata ce, ba na son 'yan kallo."

Na ce, "To, Yaya." Abin da ya kamata in ce ke nan, kuma har raina na ji daɗi. Delu ta yi wa mata da yawa wankan jego a Ɗambatta, ba a taɓa cewa an sami matsala a hannunta ba.

Haihuwa ta zo da sauƙi, mace. Washegari Delu ta aiko a ba ta buhunan da babu kaya a ciki. Na bayar, ban tambaya ba. Aka girka garwa biyu a murhu. Safe da la'asar ruwa ya tafasa har yana tsalle, Delu ta kinkima zuwa banɗakin nan, ta ja ƙofa, ka ji fyaɗar ganye da ihun mai jego. In sun fito ga kunun kanwa, ga gasasshen nama da yaji, ga kaskon garwashi a ƙarƙashin gado. Waje kuwa ruwan sama bai ɗauke ba, wanki ya kwana biyu a igiya bai bushe ba.

Maƙwabciyata Mama Boma, mutumiyar Okirika mai sayar da bandar kifi, ta leƙo ta katanga ta ga garwa na tafasa, ta ce, "Hajiya, una wan cook dat girl chop?" Wai dafa yarinyar za mu yi mu cinye? Na yi dariya na ce al'adarmu ce. Ta ce su ma suna gasa mai jego, amma ba sa rufe ta kamar tukunya. Na ji, na bar shi a matsayin surutun maƙwabta.

Aka yi suna, jaririya ta ci sunan Delu na yanka, Sa'adatu. Bayan suna da kwana kaɗan na soma jin tari daga ɗakin baya, busasshe, irin wanda ba ya fitar da komai. Ba zan iya zuwa in ce mata "me ya same ki" ba. Sai na tare Delu a bakin murhu.

"Yaya, tarin wa nake ji?"

"Na wa kuwa? Sanyin garinku ne ya sami kafa. Ai na toshe ko'ina, amma iskar nan kamar ɓarauniya take."

"A kai ta asibiti?"

"A kai mai jego waje cikin ruwan nan? Ke kam kuɗi ya cinye miki hankali. Ƙaro mini itace."

Na ƙaro itace. Ita ma Delu tana ɗan tari, idonta ya yi ja, ta ce mura ce.

A sati na uku tarin mai jego ya koma haki. Daga tsakar gida kana jin ƙirjinta yana fito kamar an busa tsinken dawa. Na lura yakan tsananta bayan wanka, amma na ɗauka wahalar ruwan zafi ce. Nono ya ragu, jaririya ta kama kuka. Wata safiya na hango mai jegon a bakin ƙofa, ta dafa bango da hannu biyu, kafaɗunta suna hawa suna sauka, leɓenta ya yi duhu. Ban shawarci kowa ba, na fita na taro tasi.

Wanda bai bi layin asibitin gwamnati a shekarun nan ba bai san yawan mutanen da kuɗin mai ya jawo garin nan ba. Layin yankar kati daban, na ganin likita daban, na karɓar magani daban, kowanne ya fita har cikin ruwan sama. Delu ta lulluɓe mai jego da bargo biyu tana zagin duk wanda ya buɗe ƙofa. Sai da azahar ta gota muka shiga. Wata nas ta daka mana tsawa don mun shigo mu uku da jaririya, wata kuma, Allah ya yi mata albarka ko wane addini take bi, ta dubi leɓen yarinyar ta janye ta daga layi ta kai ta gaba.

Likitan ɗan Kudu ne amma ya taɓa aiki a Zariya, yana jin Hausa daidai gwargwado. Yana jin an ce mai jego ce ya ce, "Kunun kanwa, ko? Ruwan zafi safe da yamma?" Ya ce ya ga mata da yawa a Arewa da zuciyarsu ta kumbura saboda haka. Ya danna ƙafafunta, ya saurari ƙirji gaba da baya, ya sa aka ɗauki hoto. Daga baya ya ce zuciya lafiya lau, hanyar numfashi ce ta tsuke. Ya hana kanwa, aka ba ta gado, aka yi allura, aka sa mata robar iska a hanci.

Cikin kwana uku ta zauna ta ci tuwo. Nono ya dawo. Limamin masallacinmu ya aiko da rubutu, ya ce a sha kuma kada a bar maganin likita. Delu ta ce rubutun ne ya yi aiki. Ban yi musu ba, tunda sauƙi ya samu.

Abin da ke cin Delu a asibitin shi ne wanka. Babu murhu, babu garwa. Kullum na kawo abinci sai ta ja ni gefe ta ce, "Jikinta ɗanye ne fa. In aka bar shi bai gasu ba, nan gaba ciwon baya da kumburi, ni za a zaga." Ranar da aka sallame mu ta ce wankan da aka sha sai an rama shi kamar azumi. Aka koma sau uku a rana.

Kada mai karatu ya ɗauka Delu muguwa ce. Tsohuwa ce, da hannunta take ɗaukar ruwan da ƙato zai yi nishi da shi, hannuwanta duk sun sale. Ba ta runtsa ido sai mai jego ta runtsa. Duk abin da ta yi, don ta mayar wa Alhassan matarsa da ƙarfinta ta yi shi.

Ba a yi sati da dawowa ba hakin ya dawo, ya fi na da. Nan shawarwari suka yi mana yawa. Matan unguwa suka ce aljanin banɗaki ne, wataƙila an watsa masa ruwan zafi ba a yi bisimilla ba. Delu ta tashi kamar za ta daki mai maganar. "Ni? Ni zan zubar da ruwan zafi ban ambaci Allah ba? Tun ba a haifi uwarki ba nake wannan aiki!" Wata ta ce mayun bakin ruwa ne. Wata ta ce a dafa citta da kanumfari da zuma. Alhassan ya zo daga Inugu, ya durƙusa daga bakin zaure, kansa a ƙasa, ya ce, "Hajiya, ga wani turare, wani malami ya ce a riƙa yi mata hayaƙi a ɗaki da banɗaki." Idonsa ya faɗa, ya bar rumfarsa a hannun mutane. Ban iya ce masa a'a ba. Aka ƙara hayaƙi a kan tururi.

Muka koma asibiti karo na biyu. Wannan karon babu gado, ta yini a kan benci da robar ƙarin ruwa a hannu kafin a sallami wata. Maganin da aka rubuta babu shi a asibitin, sai da na zaga kantunan magani har unguwar Diyobu. Kasuwa ta tsaya. Barkonon da nake ajiye da shi sai ya yi tsada na karyar da shi, wani kuma na bar shi jingine a sito ban waiwaye shi ba. Ba kuɗin ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne ina zaune a bakin ɗakin marasa lafiya kamar baƙuwa, Delu ce a gefen gado tana shafa mata kai, ni sai dai in miƙa kwano in tambayi Delu, "Ta ci?"

Nan ma ta farfaɗo cikin 'yan kwanaki. Ranar sallama likitan ya kira ni ni kaɗai. Ya ce, "Hajiya, a nan tana tashi, a gida tana faɗuwa. Maganina ɗaya ne nan da can. Akwai abin da take shaƙa a gidanki."

Raina ya ɓaci. Na ce gidana sabo ne, na siminti, ba ɗakin haya ba ne.

Ya ce, "Ni ban ga inda take kwana da inda take wanka ba. Ke kin gani?"

Wannan tambaya ita ce abin da na fi riƙewa a duk jinyar.

Na riga su isa gida, na shiga ɗakin baya karo na farko tun haihuwar. A share yake tsaf, sai ƙamshin turare ya cika shi har yana hawa kai. Na ga kaskon garwashi a ƙarƙashin gado, na ga kaskon turare, na ce to ga ɓarawon. Na fitar da su. Na tsaya a gaban ƙofar banɗakin, hannuna har ya kai ga mariƙi. Wurin da 'yar fari take tuɓewa, da jinin biƙi a jikinta. Ƙafata ta ƙi. Na ce ai banɗaki ne, ni na gina shi, me zai kasance a ciki ban da ruwa? Na juya.

Delu ta yi mita a kan garwashin amma ta haƙura. Wanka kuwa ta ce ko Sarkin likitoci ne ya zo sai an cika arba'in. Kwana biyu tarin ya dawo.

Ran nan na tafi Mayil Wan don in ga abin da ya rage. Na shiga sito, na jawo buhun barkonon nan da na bari jingine da bango tun farkon jinya. Ni da kullum nake faɗa da masu dako kada su jingina kaya da bango, a ɗora a kan katako, a bar wa iska hanya. Ina kwance bakin buhun wata ƙura kore-kore ta tashi ta shige mini hanci. Funfuna ta cinye shi har ciki. Na kama tari, na tari har hawaye, ƙirjina ya ɗaure, da na ja numfashi sai na ji wannan fiton na tsinken dawa yana fita daga nawa ƙirjin.

Sannan warin. Na san shi, sana'ata ce. Kuma na san inda nake jinsa kwanakin nan: a jikin zanen Delu duk lokacin da ta gifta ni, a ƙarƙashin turare. Ina ta ce wa kaina warin wankin damina ne.

Ko ƙofar siton ban kulle ba, na ce wa maƙwabcin rumfa ya duba. Na sauka a Borokiri ana kiran la'asar. Garwa ɗaya tana kan murhu, ɗaya babu. Jaririya tana barci a kan gado. Daga bayan ƙofar banɗaki ina jin fyaɗar ganye, ina jin Delu tana cewa, "Daure, Lami, daure, saura kaɗan." Babu ihu. Mai jego kullum tana ihu. Sai wani ɗan sauti siriri, sannan na ji abu ya zame ya bugi bokiti.

Na banke ƙofar.

Tururi ya buge ni a fuska. Da ya ɗan lafa na ga bangon da na biya aka shafe da farin fenti ya koma baƙi ƙirin tun daga ƙasa har sama, wani wuri kore, wani wuri da gashi-gashi kamar bayan ɓera. Silin ya kumbura ya yi ciki, yana ɗiga. Tagar nan ɗaya tilo an cusa mata buhunana, su ma sun yi baƙi sun manne. Ƙasan ƙofa an toshe da tsumma. A cikin wannan kabari yarinyar take shiga sau uku a rana ta buɗe ƙirji ta shaƙa. Tana zube a jikin bangon, kanta ya langaɓe, bakinta a buɗe, idonta ya juye.

"Lami!" na ce. "Lami! Lami, dube ni!"

Na sunkuce ta yadda take, na ja zane na rufa mata, na fito da ita tsakar gida cikin yayyafi. Delu ta biyo ni da ganye a hannu tana kururuwa. "Iska! Za ki kashe ta! Ɗanyen jiki a cikin iska! Wayyo jama'a, ta haukace!"

"Yaya, bangon nan tun yaushe?"

"Wane bango? Baƙin hayaƙi ne! Wane ɗakin girki ne ba ya baƙi? Kullum ina gogewa da tsumma yana dawowa. Mayar da ita ciki!"

"Ba za ta sake shiga ba."

"Ke wa? 'Yarki ce?"

Na ce, "'Yata ce."

Delu ta saki ganyen ya faɗi.

Mama Boma ce ta tsallako ta taya ni, ɗanta ya taro mota. A hanya ina rungume da Lami, ina jin ƙirjinta a nawa, ban daina kiran sunan ba, kamar wadda aka ce in ta yi shiru za a karɓe. Likitan ya ce da mun ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Na kwatanta masa bangon. Ya ce kada ta sake kwana a ɗakin, kada ta kusanci wurin ko ana wanke shi. Ya ce ƙirjin da ya saba tsukewa irin haka ba lallai ya manta ba.

Wannan karon ni na zauna a gefen gado. Delu tana gida da jaririya, tana kawo ta shan nono, ta miƙa ba ta dube ni ba.

Kafin a sallami Lami na gama da banɗakin, kuma ga yadda na yi, don mai bukata. Na ɗaure hanci da baki da ɗankwali mai kauri. Na zare buhunan da tsummokaran, na kai bayan gida na ƙone. Na kira birkila ya sauke silin gaba ɗaya, don katakon da funfuna ta shiga cikinsa ba ya wankuwa. Da aka sauke sai ga wata ɓarna: indararon rufi ya tsage, ruwan sama yana bin bango ta ciki tun farkon damina. Aka gyara shi. Birkilan ya ce a sake shafa fenti a kai a huta. Na ce a'a, na san kayana. Buhun da ya yi funfuna ko ka sauya masa sabon buhu cikinsa na nan. Na jiƙa bangon tukuna don kada ƙurar ta tashi, na kankare shi har siminti, na surka ruwan bilic na wanki da ruwa, na goge da buroshi, na bar shi ya jiƙa, na ɗauraye, na sake. Kada a haɗa bilic da wani maganin wanke masai, warinsa kaɗai yana iya kayar da mutum, kuma a bar ƙofa a buɗe ana aikin. Na sa aka fasa tagar ta zama babba, aka huda wata a ɗaya bangon don iska ta shiga ta fita, aka yanke ƙasan ƙofa. Na bar shi ya bushe sarai, sannan aka shafa farar ƙasa, ba fenti mai sheƙi ba. Katifa da matashi da labulen ɗakin duk na zubar, don warin ya kama su. Tun daga ranar, duk wanda ya yi wanka a gidana sai ya share ruwan ya bar ƙofa a buɗe.

A gida Arewa ba a koya mana wannan ba, don ba mu bukace shi ba. Makewayinmu sama a buɗe take, ka yi wanka da tafasasshen ruwa, kafin ka ɗaura zane rana ta lashe wurin. Delu ta kawo ilimin ƙasar rana ƙasar ruwa, ni kuma na gina mata akwatin da za ta zuba shi.

Da Lami ta dawo na sa ta a ɗakina na gaba mai taga biyu. Wanka da ruwa mai ɗumi, sau ɗaya, a tsohon makewayi. Delu ta ga haka ta ɗaure kayanta, saura kwanaki a yi arba'in. Na roƙe ta, Lami ta yi kuka, Alhassan ya zo ya durƙusa. Ta ce, "Na yi wa mata wanka har na manta yawansu, ba a taɓa ƙwace mini mai jego a hannu ba sai a gidan ƙanwata. Tunda uwarta ta fito, me ya rage mini?"

Na raka ta tasha. Na ce, "Yaya, ki yafe mini maganar da na faɗa."

Ta ce, "Ai ba ƙarya kika yi ba." Ta hau jirgi tana tari. Ba ta sake zuwa Fatakwal ba har Allah ya karɓi abinsa. In na je Ɗambatta takan shimfiɗa mini tabarmar baƙi, ta tambaye ni kasuwa. Ina gode mata har gobe, ita ta raini Lami, ita ta sale hannunta a kanta. Kuma har gobe in na tuna bangon nan sai in ji ɗaci. Duka biyun suna nan, ban iya fitar da ɗaya ba.

Lami ta rayu, amma likita ya yi gaskiya. Duk damina sai ƙirjin ya tashi. Ba ta shiga sito, ba ta kaɗa tsohuwar tabarma, magani ba ya rabuwa da jakarta. Haihuwarta ta gaba ma sai da muka kwana a asibiti saboda numfashi. Da na murɗa mariƙin nan ranar da likita ya tambaye ni, ko da na tambayi abin da za a yi da buhuna tun farko, wataƙila da ba haka ba. Allah ne masani.

Ranar arba'in rana ta ɗan leƙo. Na shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ta zauna tana ba Sa'adatu nono, ni ina gefe ina tsince barkonon da ya tsira. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Hajiya."

"Na'am."

"Ashe kin san sunana."

Na ce, "Na riga ki saninsa. Gyara wa yarinyar nan kai, za ta ƙware."

Ta yi dariya, dariyar ta jawo tari, na ajiye faifan na matsa na dafa bayanta har ya lafa. Ban janye hannun ba.

Matan unguwa sun daɗe suna yi da ni, wai Hajiya mai barkono ta zubar da kunya, tana kiran 'yar fari gatsal kamar 'yar aiki. Su yi. Ni dai har yau in aka yi haihuwa a Borokiri na je barka, kafin a miƙo mini jariri sai na ce a nuna mini inda mai jego take wanka.